Jarrabawa ta dawo, amma wa ke duba kayen yaro?

Tun da aka maido da jarrabawar CFEPD, ta kammala firamare, a 2024, bayan kimanin shekaru goma da soke ta, wasu a Yamai ke magana kamar an gano maganin ciwon da ke cin makarantunmu. A fada, a rediyo, har a taron iyayen yara, zancen ɗaya ne: yanzu yaro zai ji tsoro ya duƙufa, malami ma zai shiga taitayinsa. Ban ƙi jarrabawa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka ɗora mata kayan da ba nata ba, aka kau da kai daga abin da ke gudana cikin aji tun daga Oktoba har Yuni.

Masu wannan murna su tuna da binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ƙwazon 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A ƙarshen firamare, sama da yara 9 cikin 10 a Nijar ba su kai matakin da ake bukata ba, a karatu da lissafi duka, kuma mu ne muka zo kutal cikin ƙasashe 10. Waɗannan yara kusan dukan karatunsu sun yi shi ne lokacin da CFEPD ke nan daram. A 2019, babu jarrabawar, waɗanda suka kai matakin a karatu sun tashi zuwa kimanin 3 cikin 10. Ba na cewa soke ta ne ya kawo ci gaban. Ina cewa dai tsoron ranar jarrabawa bai taɓa koya wa kowa haɗa baƙi ba.

Duk mai ɗa a makarantar gwamnati ya buɗe kayen yaron, wato littafin rubutunsa, yau da dare. Zai tarar da shafuka da dama da jan alƙalami bai taɓa ba. Inda ya taɓa, sai ka ga "Vu", wato "an gani", ko 3/10, shi ke nan. Yaron ya san ya faɗi, bai san inda ya kauce ba, kuma gobe za a wuce darasi na gaba saboda a ƙare manhaja. Wanda ke rikita b da d tun a CP (aji biyu) haka zai ja abinsa har CM2 (aji shida), sannan a ce masa daƙiƙi.

Wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a 1988. Ta raba ɗalibai uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu bayanin abin da za su gyara, wasu kuma maki haɗe da bayani. Masu bayani zalla ne suka ƙaru. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki ba, don ido na faɗawa kan lambar, yaro ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe kaye. To mu kuma lambar ce kaɗai muke bayarwa, ita ce kuma kaɗai uba ke tambaya: "Na nawa ka zo?"

Abin takaici, ba sai mun je wata ƙasa neman dabara ba. A makarantar allo, almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zauna gaban malam ya biya, an tsayar da shi a kan wasalin da ya ɓata, ya maimaita har ya daidaita, sannan a yi masa ƙari. Boko ce ta zo da tsarin da yaro zai yi wata uku ba wanda ya ji muryarsa shi kaɗai.

Za a ce aji mai yara tamanin a runfar zana, ina malami zai samu lokaci? Gaskiya ne, kuma kunyar ta hukuma ce. Amma ai a makarantun horon malamai, daga Saadu Galadima ta Yamai har Kawsan ta Tawa, ana koyar da dabarar ƙaramin allo: a yi tambaya, kowa ya rubuta, a ɗaga gaba ɗaya, malami ya ga masu kuskure nan take ya gyara. Alli kawai take ci. Masu cewa a raba wa yara kwamfutar hannu kuwa, su fara kai wuta ajin tukuna.

Sannan gyaran ya zo da harshen da yaro ke ji. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu ɗan shekara bakwai ana nuna masa kuskurensa da Faransancin da shi ne tushen kuskuren.

Shi ma malamin haka aka yi masa. A 2017 aka zaunar da malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, aka yi ta yayata abin kunyarsu. Auna su aka yi, kamar yadda suke auna yara. Malamin ƙauyen Adar na bukatar mai ba da shawara ya shigo ajinsa, ya zauna a bencin baya, ya ɗauki kaye goma ya duba, su tattauna bayan an tashi. Tarukan CAPED, inda malamai ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, an kafa su don irin wannan ne. Ma'aikatar da ta samo kuɗin buga takardun jarrabawa da biyan masu tsaro da masu gyara, ta samo na man babur ɗin da zai kai mai ba da shawarar ƙauye ko da sau ɗaya ne a wata.