Shari'ar Hadijatou Mani da abin da ya kamata ɗalibanmu na lauya su koya

Kwanakin baya ɗan yayata da ke karatun lauya ya zo gida hutu, ya ce yana son ya ƙware a dokar ƙasa da ƙasa da kare haƙƙin ɗan Adam. Mahaifinsa ya ajiye kofin shayi ya dube shi. "Kai yaro, wannan ai karatun 'ya'yan manya ne masu neman aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka riƙe dokar filaye da ta kamfanoni, nan abinci yake." Na san iyaye da yawa haka suke gani, kuma ba na zargin su, don kuɗin makaranta ba wasa ba ne. Amma ina ganin sun yi wa wannan fanni gurguwar fahimta, hujjata kuwa wata mata ce daga yankin Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar.

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana 'yar shekara 12 a kan CFA 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar, a gidan wani dattijo. Ta yi shekara tara tana aikin gida da na gona, tana haihuwa, ba sadaki ba ɗaurin aure. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, a 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta tafi ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Abin ya kai nan.

Lauyoyinta, da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar, sun san wata ƙofa da yawancin mutane ba su sani ba. Tun 2005 aka ba Kotun ECOWAS mai mazauni a Abuja hurumin sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam daga mutum ɗaya, kuma ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Kotun ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoban 2008 ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare Hadijatou daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar CFA miliyan 10. Da lauyoyin nan ba su karanta yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa ba, da maganar ta mutu a ƙaramar kotu kamar yadda irinta da yawa suka mutu.

A Najeriya ma makamin yana hannu. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'umma, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta zama dokar ƙasa tun 1983. Wannan na da muhimmanci, domin sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta aiki a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. A shekarar 2000, a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotunanmu za su iya aiki da ita. Ke nan lauyan da ke Gusau ko Damaturu zai iya ɗaukar ta ya shiga babbar kotu a kan wanda aka tsare wata da watanni ba tuhuma. Haka kuma ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta kai Najeriya Kotun ECOWAS, a 2010 kotun ta ce ilimin firamare kyauta haƙƙi ne na kowane yaro. Ina ne yaran da ba sa makaranta suka fi yawa? A ƙofar gidajenmu suke.

Akwai masu cewa dokar ƙasa da ƙasa ta mai ƙarfi ce, su nuna maka Gaza. Suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma nima abin yana ci mini rai. Hukunci da yawa na kwance a takarda, gwamnatoci sun ƙi bi. Sai dai a tuna, Gambiya ce, ƙasar da ba ta kai Jihar Kano yawan jama'a ba, ta maka Myanmar a Kotun Duniya a 2019 kan kisan 'yan Rohingya. Afirka ta Kudu ta yi haka ga Isra'ila a Disamban 2023. Ƙwararrun lauyoyi ne suka rubuta waɗannan ƙararraki. Ɗan Najeriya, Taslim Elias, ya shugabanci wannan kotu daga 1982 zuwa 1985, kuma a gabanta muka rasa Bakassi a 2002. Ko mun so ko mun ƙi, ana yanke hukunci a kanmu a can.

Abin da nake roƙon tsangayoyin shari'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri shi ne su koyar da fannin daga matsalolinmu. A sa ɗalibi ya karanta hukuncin Hadijatou layi-layi, ya tsara ƙarar gwaji a madadin ɗan gudun hijira ko wanda aka rushe wa shago ba diyya, ya je gidan gyaran hali ya ga masu jiran shari'a da idonsa. Jami'o'inmu suna da wata baiwa ta daban, domin suna haɗa shari'ar Musulunci da dokar zamani. Ɗalibin da ya san manufofin shari'a na kare rai da addini da hankali da zuriya da dukiya, shi zai iya zama da malamin unguwa ya warware masa inda yarjejeniya ta dace da addini da inda ake da saɓani, cikin Hausa, ba tare da kowa ya ji an raina shi ba.

Wani abu kuma ya ƙara wa aikin nauyi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, kotun kuwa tana sauraron ƙara ne a kan ƙasashen da ke cikin ƙungiyar. Yarinyar da aka sayar yau a Tawa ko Dogon Dutsi tana buƙatar lauyan da ya san wace hanya ta rage mata, ko ta hukumar kare haƙƙi ta Afirka da ke Banjul, ko ta kwamitocin Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva. Na faɗa wa mijin yayata haka, ya yi shiru, sannan ya ce yaron ya kawo masa takardun kwas ɗin ya duba.