Waƙar da Iya Mai Shara Ta Kasa Amsawa

Rana ta huɗu da shiga yajin aikinmu na bara, muna tsaye a bakin ƙofar ma'aikata tun da sassafe, sai shugaban reshen ƙungiyarmu ya hau kan benci, ya dunƙule hannu sama, ya ɗauko waƙar nan da duk ɗan ƙungiyar ƙwadago a Najeriya ya sani, Solidarity Forever. Mu 'yan ofis muka amsa. Da na waiga sai na ga rabin taron sun yi tsit: masu shara, masu gadi, masinjoji, direbobi, da leburorin da ke yanke ciyawa. Su ne suka fi kowa jin jiki da watannin da aka riƙe mana albashi, kuma su ne suka riga kowa zuwa. Wata dattijuwa da ta haura shekara ashirin tana share ofishinmu ta matso kusa da ni ta ce, "Malam, wai me suke cewa ne? Addu'ar Turawa ce?" Na ce, "A'a Iya, cewa suke idan muka haɗa kai ba mai iya mana." Ta ce, "To ai da sun faɗa da Hausa da mun taya su."

Maganar nan ta zauna mini a rai har yau. Ra'ayina shi ne mun ɗauko waƙar mun bar hikimar da ta haife ta a can inda muka samo ta. Domin mutanen da suka yi waɗannan waƙoƙi ba abin da suka fi gudu kamar a bar lebura tsaye yana kallon bakin shugabanni.

Waƙar da muke rerawa wani mutum ne mai suna Ralph Chaplin ya kammala ta a birnin Shikago a watan Janairun 1915. Abin da ya tunzura shi kuwa shi ne yajin aikin masu haƙar kwal na jihar West Virginia a 1912 da 1913, inda aka kori ma'aikata da iyalansu daga gidajen kamfani suka yi sanyin hunturu a cikin tantuna. Bai ƙirƙiro sabon kari ba. Ya ɗora baitocinsa ne a kan karin wata tsohuwar waƙa da sojoji suka yi maci da ita a yaƙin basasar Amurka, wadda yaro da babba ya riga ya haddace. Duk wanda ya ji ta sau ɗaya, kafin a kai baiti na biyu ya shiga amshi.

Ƙungiyarsa, wato ƙungiyar ƙwadago ta Industrial Workers of the World (IWW), an kafa ta a 1905, kuma ta sa gaba ne wajen tattara waɗanda manyan ƙungiyoyin lokacin suka raina: masu saran katako, 'yan ci-rani masu bin girbi, 'yan dako a tashar jiragen ruwa, baƙin haure da ko Turanci bai zauna a bakinsu ba. Yadda suka faɗa harkar waƙa abin a tsaya a duba ne. A garin Spokane akwai wasu dillalan aiki da ke karɓar dala guda a hannun mai neman aiki, su tura shi wurin wani shugaban leburori, bayan 'yan kwanaki a sallame shi, a kawo wani shi ma ya biya, dillali da shugaban leburori su raba. Mu da muka san yadda ake sayar da takardar ɗaukar aiki ba sai an yi mana dogon bayani ba. 'Yan ƙungiyar suka riƙa tsayawa bakin titi suna tona asirin dillalan. Sai ga 'yan badujalar wata ƙungiyar wa'azin Kirista, Salvation Army, suna zuwa wuri ɗaya da ganguna da ƙahonni, har ba a jin mai jawabi. Muryar mutum ɗaya kuwa ba ta ja da baduja. Dabarar da suka yi ita ce rubuta nasu baitocin a kan kowane kari da badujalar ke busawa. Da an fara busa sai taron ya ɗauka da kalmomin ƙwadago, ya zama masu ƙaho kiɗa suke yi musu kyauta. A 1909 aka tattara waƙoƙin aka buga a wani ɗan ƙaramin littafi mai jan bango da ke shiga aljihun riga. A ƙarshen wannan shekarar hukumar garin ta kama ɗaruruwansu saboda jawabi a titi, suka cika kurkuku suna rerawa.

Cikin masu rubuta irin waɗannan baitoci ba wanda ya kai Joe Hill suna. Ɗan ƙasar Suwidin ne, an haife shi a 1879, ya shiga Amurka a 1902, ya yi dako ya yi aikin ma'adinai. Shi ne ya rubuta wa jaridar ƙungiyar cewa ƙasida komai kyanta sau ɗaya ake karanta ta, amma waƙa haddace ta ake yi a yi ta maimaitawa. A Janairun 1914 aka kashe wani mai kanti da ɗansa a Salt Lake City ta jihar Utah. A daren ne Hill ya je wurin likita da raunin harsashi, ya ce rigima ce a kan mace, ya kuma ƙi faɗin sunanta. A kan haka aka yanke masa hukuncin kisa, ba tare da wani ya tsaya ya rantse cewa lallai shi ya gani ba. Shugaban ƙasa Woodrow Wilson ya roƙi gwamnan jihar Utah har sau biyu, jakadan Suwidin ma ya sa baki, amma ranar 19 ga Nuwamban 1915 aka harbe shi. Aka ƙona gawarsa bisa wasiyyarsa, aka zuba tokar a ƙananan ambulan aka aika wa rassan ƙungiyar a ƙasashe daban-daban. Ni dai na yi imani da ba mawaƙin ƙwadago ba ne, da shari'ar ba ta tafi yadda ta tafi ba.

Amma labarin da ya fi kama ni, saboda Iya, na wasu mata ne a garin Charleston na jihar South Carolina. A watan Oktoban 1945 ma'aikatan masana'antar sigari ta kamfanin American Tobacco suka shiga yajin aiki. Mafi yawansu mata ne baƙar fata, masu murza ganyen taba, waɗanda ko ƙofar shiga ba ɗaya suke bi da fararen ma'aikata ba. Suka nemi ƙarin santi 25 a awa. Wata biyar suka yi a bakin ƙofa, cikin sanyi da ruwan sama. Idan yamma ta yi za a watse, wata daga cikinsu mai suna Lucille Simmons sai ta ɗauko wata tsohuwar waƙar coci da dukansu suka taso da ita, tana jan ta a hankali. A coci waƙar cewa take "zan yi nasara". A bakin ƙofar masana'anta sai ta koma "za mu yi nasara". Canjin ke nan, daga ni zuwa mu. Ba su ɗauko mawaƙi daga wani gari ba, ba su jira wani mai digiri ya tsara musu ba. Abin da ke bakinsu tun suna goye suka juya ya yi musu aiki.

Daga nan wasu daga cikin 'yan yajin suka kai ta makarantar Highlander da ke jihar Tennessee, inda ake horar da 'yan ƙwadago. Zilphia Horton mai kula da waƙa a makarantar ta koya a wurinsu, mawaƙi Pete Seeger ya koya a wurinta, a 1960 kuma mawaƙi Guy Carawan ya koya wa ɗaliban da ke yaƙi da wariyar launin fata. Ita ce We Shall Overcome. A watan Maris na 1965 shugaban Amurka Lyndon Johnson ya tsaya gaban majalisa yana neman a yi dokar kare 'yancin zaɓen baƙar fata, ya furta kalmomin waƙar da bakinsa. Shekara ashirin ke nan daga bakin mai murza taba zuwa bakin shugaban ƙasa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa waƙa ce ke cin yajin aiki. Matan Charleston santi 8 suka samu cikin 25 da suka nema. A Harlan ta jihar Kentucky, inda a 1931 'yan sanda suka kutsa gidan Florence Reece suna neman mijinta, ɗaya daga jagororin masu haƙar kwal da ke yajin aiki, ita kuma bayan fitarsu ta yage takardar kalanda ta rubuta waƙar da ke tambayar kowa wane ɓangare yake, yajin bai yi nasara ba, yunwa da bindiga suka karya shi. Waƙa ba ta cika tukunya. Aikinta ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa yajin aiki ya san girmansa: ta hana mutane watsewa. Ranar farko kowa jarumi ne. Rana ta goma, lokacin da mai gida ya fara aike a kan kuɗin haya, mai kanti ya rufe littafin bashi, ana raɗe-raɗin za a kori wanda bai sa hannu a rajista ba, a ranar ne kowa ke satar kallon na kusa da shi ya ga ko ya karaya. Idan murya ɗari ta tashi lokaci guda, ka ji da kunnenka cewa ba kai kaɗai ka rage ba. Masu mulki sun san wannan sarai. Shi ya sa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, da ta rataye Vuyisile Mini, jagoran 'yan dakon tashar Port Elizabeth kuma mai tsara waƙoƙin gwagwarmaya, ranar 6 ga Nuwamban 1964, ba ta iya hana fursunonin gidan yarin Pretoria jin muryarsa ba, don yana rerawa aka wuce da shi.

To mu fa? Abin da ke ba ni takaici shi ne ba rashi ne ya same mu ba. Bahaushe bai taɓa yin aikin ƙarfi shiru ba. Mace na niƙa tana waƙa, kuma a cikin waƙar niƙan take amayar da abin da ba ta isa ta faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba. Akwai lugude, akwai waƙar daɓe, akwai gangar noma ranar gayya. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya ɗauki karen mota, wanda ba a ko kallo, ya yi masa waƙar da ta zaga ƙasar Hausa. A zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, waƙoƙin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin su ne jaridar talakan da bai iya karatun boko ba, ana rera su a wurin lacca a lokacin da bulala da gidan yarin En'e ke jiran ɗan adawa. Dubban mutanenmu aka kwasa na tilas zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jikokinsu kuma su ne ke tsaye a bakin ƙofofin ma'aikatu yau. Da wannan gado duka, ƙungiyoyinmu na ƙwadago a Arewa ba su da amshi ko ɗaya na Hausa da mai gadi a Sakkwato da mai shara a Bauchi za su ɗauka tare.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce ƙungiyar ta ƙasa ce, Turanci ne ke haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo. Gaskiya ne, kuma ban ce a jefar da waƙar Chaplin ba, tana da haƙƙi a kanmu. A rera ta a babban taron Abuja. Amma a reshen da kashi mafi yawa na 'yan ƙungiya ba sa jin Turanci, wa ake yi wa? Wani kuma zai kawo maganar kiɗa da addini. Matan Charleston ba su da ganga, murya ce da tafi. Mu kuma gidan waƙar baka muka taso, Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajinta, wato matan da ta horar suna zaga ƙauyuka.

Akwai kuma masu cewa ai mawaƙa sun cika gari, a ɗauko ɗaya a biya shi. Nan ne na fi ƙin yarda. Mawaƙin da za ka biya yau, gobe wanda ya riƙe maka albashi zai ninka masa kuɗin, kuma mun ga haka a kowane zaɓe. Ban zarge su ba, sana'arsu ce, suna da iyali. Sai dai waƙar situdiyo da ake sakawa a lasifika tana mayar da taro 'yan kallo, daidai da yadda Turancinmu ya mayar da Iya. Wadda nake nufi ita ce mai gajeren amshi, a kan karin da kowa ya sani, wadda ba ta buƙatar lantarki ko janareta, wadda idan an kama mai bayarwa na bayansa zai ɗora daga inda ya tsaya.

A rana ta tara na ga alamar hakan da idona. Shugabanni sun shiga ciki tattaunawa, rana ta take, mutane sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai Iya da wasu mata uku da ke zaune a gindin darbejiya suka fara tafi irin na daɓe, ɗaya tana bayarwa, sauran suna amsawa: "Guminmu muke bi, ba roƙo muka zo ba." Mai bayarwar tana lissafo watannin da ake bin bashi ɗaya bayan ɗaya, tana sako kuɗin makaranta da kwanon masara. Direbobi suka matso, baba mai gadi ya ɗauki amshi yana buga sandarsa a ƙasa, waɗanda suka kai bakin titi suka dawo. Har aka kira la'asar ba wanda ya tafi. Ba wanda ya ɗauka a waya, ni ma sai da na koma gida na tuna ban rubuta baitocin ba.

Ranar Asabar mai zuwa akwai taron reshe. Na riga na gaya wa sakatare ya sa ni cikin ajanda, kuma na je har gida na roƙi Iya ta zo da matan nan uku. Ta ce in dai za a ba su wurin zama a gaba, ba can bayan ƙofa ba, za su zo.