Wai don ciwon gado ne sai a naɗe hannu?

Ku ji abin da wani bawan Allah ya rubuta jiya. Wai kuɗin da ake zubawa a binciken curin jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa asara ce, tunda abin gado ne, gado kuwa ba ya jin magani. Sannu babban likita! Ashe masanan duniya duk barci suke, kai kaɗai ne a farke.

Malam, gadon nan da ka raina shi ya buɗe ƙofa. Ciwon da likitoci ke kira CCM, ƙananan jijiyoyin jini ne ke cukurkuɗewa su zama curi mai siririn bango, jini na tsattsafowa. Wani ya zo masa da farfaɗiya, wani ciwon kai, wani shanyewar ɓarin jiki, wani kuwa har ya tsufa bai san yana ɗauke da shi ba. Yawancin masu shi ma ba gadonsa suka yi ba. Amma ta ina aka gano tushensa? Ta iyalan da suka gada! Jininsu aka bi, har da zuriyar Sifaniyawa ta New Mexico a Amurka, aka kamo ƙwayar halittar KRIT1 a 1999, daga baya CCM2 da PDCD10 suka biyo. Da an ce "ai gado ne" an tashi, da har yau lalube ake a duhu.

Na san za a ce to ina maganin? Daɗina da ku gaggawa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa wasu ƙwayoyin bakteriya na hanji suna ingiza fitowar curin a ƙwaƙwalwa. Hanji fa! A Italiya an gwada propranolol, tsohon maganin hawan jini, a kan masu na gadon. Ba a kai gaci ba, na yarda, amma mai naɗe hannu me ya gwada?

Mu ajiye raha. Uwa ko uba mai ƙwayar halittar da ke haddasa ciwon, kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ka tuna uwar da ke zaune tana jiran sakamakon hoton MRI na yaronta, ta san daga jikinta abin ya fito. Ita za ka duba ka ce gado ne, a bar bincike? Wallahi ni bakina ba zai iya ba.

Af, kun san Florence Griffith Joyner, 'yar tseren Amurkan nan? Farfaɗiyar da irin wannan curin ya haddasa ce ta yi ajalinta cikin barci a 1998, tana da shekara 38.