Laftof ɗina ya koma raɗa ranar da Gwaggo ta zo kallon biki

Na ɗora laftof a kan katifa, na kunna wa Gwaggo bidiyon bikin autarta. Ga makaɗi yana ta dukan kalangu har da gumi, ga mai guɗa ta wangale baki, amma sai ka kara kunne kafin ka ji wani abu. Gwaggo ta gyara ɗankwali, ta fito da kunne ɗaya waje, ta ce, "Kai ɗan nan, kunnena ne ya fara tafiya ko akwatin naka ne ba shi da lafiya?" Na duba alamar sifika da ke kusa da agogo, ƙara tana kan 100 cif.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a soka iyafis. In sauti ya fito da ƙarfi a iyafis, matsalar tana jikin sifika. In can ma raɗa ake yi, to saiti ne ko manhaja. Na soka, na ji raɗa. Na ce alhamdulillahi, aljihuna ya tsira.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ƙara a Windows hawa-hawa ce. Akwai babbar ƙara ta na'ura, akwai ta kowace manhaja ita kaɗai, sannan shi kansa bidiyon YouTube yana da tasa. Na danna alamar sifika da maɓallin dama, na shiga "Volume mixer". Sai ga VLC, manhajar da nake kunna bidiyon da ita, an ja shi ƙasa kusan 20, aikin wani mai kallon dare da ba ya son a kama shi. Na mayar da shi 100. A nan ne kuma ake duba inda sauti yake fita, don wani lokaci laftof yana can yana aika shi zuwa talabijin ta HDMI, ko zuwa wata sifikar Bluetooth da aka manta a ɗakin maƙwabci.

Sauti ya ɗan ɗaga, amma da ƙanwata ta kira ta intanet a kan laftof ɗin don a yi kallon da ita, sai ya sake nutsewa. Wannan kuma ladabin Windows ne: da zarar ya ji ana kira, yakan rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100, kuma haka yake zuwa tun daga kamfani. Ana danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta mmsys.cpl, a shiga "Communications", a zaɓi "Do nothing". Tunda ina wurin, na koma "Playback", na buɗe "Properties" na sifika. A "Levels" akwai "Balance", inda ya kamata hagu da dama su zama daidai. A "Enhancements" na kunna "Loudness Equalization", wanda ke ɗaga sautukan da suka yi ƙasa su kusanci masu ƙarfi. Ba kowane laftof ke nuna shi ba, ya danganta da direban sautin da ke ciki, wato manhajar da ke sarrafa sifika. Wanda bai gan shi ba, ko sautinsa ya lalace bayan sabunta Windows, sai ya shiga "Device Manager", ya cire direban, galibi na kamfanin Realtek ne, ya kashe laftof ɗin ya kunna, Windows zai mayar da shi da kansa.

Yanzu iyafis har kunne yake kashewa, amma sifika tana magana ƙasa-ƙasa. Na kifa laftof ɗin. Irin nawa ramukan sifikarsa a ƙasa suke, katifa ta toshe su ruf, ga ƙurar hunturu ta yi daƙam a ragar. Na kashe shi, na ɗauki busasshen buroshin haƙori mai laushi, na goge a hankali ramukan suna kallon ƙasa don ƙurar ta zubo waje. Ban da allura, ban da tsinke, ban da ruwa. Bayan ragar nan fatar sifika ce, siririya ainun, kuma maganaɗisun ciki yana jan duk wani ɓurɓushin ƙarfe. Na ɗora shi a kan tebur, sai ga guɗa ta cika ɗaki. Gwaggo ta sa mini albarka.

Na fita alwala. Ɗan yayata, wanda duk gidan ke kira injiniya saboda ya taɓa gyara rimot, ya ga ai Gwaggo ta cancanci ƙari, ya murɗa VLC har 200. Ina dawowa na ji kalangu yana tsartsatsi kamar an jefa ƙosai a mai. "Kawu, ai ƙarfi na ƙara mata," in ji shi. Sifikar laftof ba ta cika wuce wat 2 ba. Duk abin da ya haura 100, manhaja ce ke tura sautin fiye da ƙima, sai ya tsage, ƴar wayar da ke naɗe a ciki ta yi zafi, fatar ta yi ta dukan da ba ta saba ba. Na koma "Balance", na kashe dama, hagu na ta zizara. Na kashe hagu, dama garau. Ta hagu ta tafi.

Mai gyara ya kwance sukurorin ƙasa, ya fara zare wayar batir kafin ya taɓa komai, sannan ya cire ƴar filogin sifika daga allon ciki. A irin nawa hagu da dama waya ɗaya ta haɗa su, don haka biyun ake canzawa tare, kuma da lambar samfurin laftof ake nemo su, ba da ido ba. Ya kunna ya gwada kafin ya rufe, ya ce mini, "Yallaɓai, wa ke kallo da wannan?" Na ce injiniya ne. Ya ce in gaishe shi, yana kawo musu kasuwa.

Da na dawo gida na shiga "Preferences" na VLC, na zaɓi "All", na bi "Main interfaces" zuwa "Qt", na mayar da "Maximum volume displayed" 100. Da daddare sai ga injiniya da fuskar jaje.

"Kawu, mai gyaran nan ya cuce ka, ƙarar ba ta wuce 100 yanzu."

Na ce masa sabuwar doka ce daga Amurka.