Filen biyu na saya, yanzu ba ko ɗaya a hannuna

Duk wanda ya ce maka kallon kafintocin Turawa a YouTube ba ya cin kuɗi to data kawai ya lissafa. Ni dai malamin makaranta ne, iyakar sanina da katako allo da benci, amma tunda na fara kallon mutanen nan suna tura filen, abin aske katakon nan, a kan katako ɓawo na fitowa siriri yana nannaɗewa har kana hango yatsa ta cikinsa, sai zuciyata ta fara raya min wai ai ni ma asalina kafinta ne, boko ne ya ɓata ni.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, a watan Agusta ƙofar ɗakinmu ta sha danshi ta kumbura, in za ka shiga sai ka sa kafaɗa, in za ka fita sai ka sa ƙafa. Uwargida ta ce a kira Baba kafinta na bakin layi. Na ce haba, ɗan wannan? Ki bar ni da ita. Ta kalle ni ta ce "to Allah ya ba da sa'a Malam", da irin muryar nan da kai ma ka san ba addu'a ba ce.

To a intanet ɗin an rabu gida biyu kan irin filen ɗin da ya kamata mutum ya saya. Wasu sun ce sabo za ka saya ka huta, amma sabon da suke nufi irin su Lie-Nielsen na Amurka da Veritas na Kanada ne, da na buga kuɗinsu a naira sai na kife wayar na sha ruwa. Ɗaya ɓangaren kuma sun rantse babu kamar tsoho, wai ka nemo Stanley ko Record na da can ka gyara abinka. Kuma suna da hujja, don fasalin filen ɗin ƙarfe da kowa ke kwaikwaya har yau na wani Leonard Bailey ne, kamfanin Stanley ya saye shi a 1869, su kuma Record suka fara ƙera nasu a Sheffield ta Ingila a 1931, kenan abin da za a gano an riga an gano tuntuni, saura kawai waye ya yi aikin da tsoron Allah. Na haddace lambobin ma, lamba 4 na gyaran fuskar katako ne, lamba 5 shi ne jakfilen mai tsawon inci 14 wanda ke yin kowane aiki, lamba 7 dogo ne na miƙar da gefe. Ilimi dai ya samu.

Na shiga kasuwa na ce lamba 5 nake so, sabo. Yaron shago ya miƙo min kwali mai hoton wani Bature yana murmushi, ciki ga filen yana ƙyalli an shafe shi da maiko, mariƙinsa na roba, sunan kamfanin kuwa an rubuta shi yadda in ka karanta da sauri za ka ɗauka wani babban suna ne. Na ce yana ci? Ya ce "Alhaji wannan ko ƙarfe ka ɗora masa sai ya aske." Ni da ko Daura ban taɓa wucewa ba aka ce min Alhaji, ai take na biya.

Da na zo gida ban ma cire ƙofar ba, a tsaye na hau ta. Turawar farko filen ya zame bai taɓa komai ba. Na murɗa ɗan gargaren nan na baya wuƙar ta leƙo, na sake turawa, sai ya kafe cak ya ɓantaro wani yanki mai girman tafin hannu, ni kuma goshina ya gaisa da bango. Yara suka taru. Da na ɗora rula a ƙasansa na ɗaga wa rana sai ga haske na wucewa ta tsakiya, ashe cikinsa a lotse yake, bakin wuƙar kuwa na goga a babban yatsana ko gezau. A wajen na koma ɗariƙar masu tsoho.

Ranar Asabar na nufi Kofar Ruwa wajen masu tsofaffin ƙarafa. Na daɗe ina tona tarin sifana da kan famfo da injin niƙa, can wani dattijo ya ce tsaya, ya shiga ciki ya fito da abu a tsumma. "Wannan gyararre ne, ɗan Ingila, tun zamanin Sardauna." Gyaran da aka yi masa shi ne an tsoma shi gaba ɗaya a fenti ruwan ɗorawa, ina kyautata zaton ragowar na Adaidaita Sahu ne, har ƙasan da ya kamata ya zauna fes yana sulɓi an fente, har wuƙar, har notuna. Mariƙin baya an yi masa ɗauri da wayar kwaba. Amma da na kankare da makulli sai ga rubutun Record ya fito, ga kuma shuɗin fentinsa na asali a ƙasa, wallahi sai da gabana ya faɗi don murna, shi kuma dattijon ya ga fuskata ya ƙara kuɗi.

Daga nan aka shiga gyara na gaskiya, irin na bidiyo. Tsatsa binega ke cin ta, don haka na juye na kicin duka a robar wanki na jiƙa ƙarafan suka kwana, gidan ya ɗau tsami har maƙota na tambaya ko kunu ne ya lalace. Abin da Baturen ya faɗa a ƙarshen bidiyon, inda data ta ƙare min, shi ne ana cirewa a wanke a busar a shafa mai nan take. Ni na shanya a rana na tafi masallaci, kafin in dawo sabuwar tsatsa ja wur ta rufe su, ta fi ta da kyau ma.

Sai batun daidaita ƙasa. Ƙa'ida ita ce ka manna samfefa a kan abin da yake shimfiɗe sosai, ka zana layuka da maka a ƙasan filen, ka yi ta gogawa har layukan su goge baki ɗaya. Kuma abin da ya fi komai shimfiɗuwa a gidanmu shi ne gilashin senta tebur ɗin uwargida, na cikin kayan ɗakinta, wanda babanta ya sai mata. Ta tafi suna. Na yi ta guga, gumi na ɗiga, baƙin gari na tashi, layuka na gogewa a hankali, har na fara tunanin sunan da zan sa wa shagona. Ɗagawar da zan yi in duba, hannu duk mai, abu ya fi kilo 2, ya suɓuce. Filen dai lafiyarsa ƙalau, ƙarfen Ingila ne. Maganar gilashin kuma har yanzu tana gaban manya, ba zan ce komai ba.

Washegari ba wanda ya nemi shawarata, na dawo daga makaranta na tarar da Baba kafinta zaune a tsakar gida ya cire ƙofar ya jingine ta a gefe, filen ɗina biyu a gabansa. Ya ɗau tsohon ya ɓalle murfin ya zaro wuƙar ya juya ta ya dube ni. "Malam, wa ya ɗaura wannan?" Na ce haka ta zo. Ya ce to wanda ya ɗaura ta a kife ya sa, ai gangaren bakin ƙasa ya kamata ya kalla. Na ce lallai mutanen kasuwa ba su da kirki.

Ya fito da dutsen washi daga aljihun buhunsa, tsakiyarsa har ya faɗa don tsufa, ya ɗiga baƙin mai, ya yi ta kai da komo a natse yana ba uwargida labarin tsadar masara, ya juya bayan wuƙar ya shafa a kwance, ya gwada a gashin hannunsa suka zube. Ya mayar da ƙarfen da ke danne ta ya bar ɗan ƙiris a baki, ya kifa filen ya kanne ido ɗaya yana leƙen ƙasansa yana taɓa ɗan sandan gefe har bakin ya fito daidai. Kafin ya fara sai da ya bi gefen ƙofar da yatsa ya zare wata ƙusa da ni ban ma san da ita ba. Sannan shuuu, shuuu, ga ɓawon nan na YouTube yana zuba a tsakar gidana, yara na tsincewa suna saƙalawa a kunne. Kaɗan ya ɗiba ya tsaya, wai in aka ci da yawa hunturu na zuwa katako zai tsuke a koma toshe kafa da tsumma.

Na ce to Baba tsakani da Allah wanne ya fi? Ya ce sabon ma in an zauna a kansa zai yi aiki, sai dai wuƙarsa taushi gare ta, kana wasawa tana dakushewa, rabin yininka a kan dutse zai ƙare. Tsohon kuwa ya shafa shi ya ce rabonsa da riƙe irinsa tun yana yaron shago. "Bari in tafi da shi in sake masa mariƙi, wannan wayar za ta ji maka ciwo." Ya karɓi kuɗin aikinsa cif, ya sa filen a buhu.

Yanzu kullum in na wuce bakin layi ina jin shuuu shuuu daga rumfarsa, in na yi sallama sai ya ce mariƙin ne dai har yanzu ba a samu icen da ya dace ba. Sabon kuma uwargida ta gano nauyinsa daidai yake da danne awara, ta naɗe shi a leda tana ɗorawa kan ƙullin, wai a hakan za ta fara rage kuɗin gilashinta. Jiya da daddare ina kallon waya ta leƙo ta ga lamba 7 a kan allo, ta ce "Malam wannan dogon nawa ne? Ciniki ya fara buɗewa, ƙaramin ya yi min kaɗan."