Suna Neman Elowen, Mu Muna Gudun Marka

Wata abokiyar aikina a nan Ingila ta haihu, ta sa wa 'yarta Elowen. Na ce ban taɓa jin sunan ba, ita kuwa kamar jira take. Ta zaro waya ta nuna mini ɗakin jaririyar: an kafa sunan a bango da manyan haruffan katako, an zana koren ganye a ƙasa, ga ɗan kati cikin gilashi mai bayanin asalinsa. Kalma ce ta harshen mutanen Konwol, can ƙuryar kudu maso yamma, sunan wata doguwar bishiya da ake kira elm. Harshen nan fa sai da ya mutu. Dolly Pentreath, wadda ake cewa ita ce ta ƙarshe da ta tashi da shi a baki, ta rasu a 1777. A ƙarni na 20 aka tono shi daga tsofaffin takardu, gwamnati ta amince da shi a 2002. Ita kanta bishiyar, cuta ta kashe miliyoyinta a shekarun 1970. Duk da haka ga sunan an ɗora wa jaririya ana taƙama.

Mutanen nan sun mai da suna abin bincike. Kowace shekara hukumar ƙididdiga tana fitar da jerin sunayen jarirai, Olivia ta hau kan gaba a na mata tun 2016 ta yi shekaru ba ta sauka ba, kuma sunan da bai kai yara uku ba ko sa shi ba a yi. Masu ciki sukan duƙufa kan jerin nan suna neman wanda babu kowa a kai. Doka ta ba su kwana 42 su yi rajista, don haka jariri kan yi makonni ba suna.

Da ta tambayi irin namu, na ce kakata Marka ake ce mata, don a tsakiyar damina aka haife ta, lokacin da ruwa ke wuni yana zuba. Matar nan ta rubuta a wayarta, ta sa na maimaita. Abin ya sosa mini rai, domin da na ce a riƙa kiran 'yar ƙanwata da shi, tunda takwarar tsohuwar ce, dariya aka yi mini a gida, wai sunan ƙauye. Ummi ake ce mata yanzu, kamar rabin 'yan unguwar.

Ban ce a bar sunan yanka ba, Allah ya kiyaye, kuma Afnan da Ilham ba su yi wa kowa laifi ba. Amma Kande da Delu da Azumi da Auta labarin gida suke ɗauke da shi, kana ji ka san wa ta bi, yaushe ta zo. Na Turawa zaɓe ne kawai, don daɗin kunne. Mu ne masu abin, mu ne masu jin kunyarsa.

Mu da ke waje ma ba mu da bakin magana. Sunan ɗana sai da aka ɗage shi zuwa Asabar saboda kowa yana aiki, ba wanzami, ba goro. Ragon a Katsina aka yanka, aka turo mini hoton ta WhatsApp, ƙanwata ta biyo da saƙon cewa kuɗin bai isa ba.