Ƙarin Albashin da Haraji ke Cinyewa a Ɓoye

Duk lokacin da kaya suka yi tsada, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin ƙungiyoyin ƙwadago: a ƙara albashi. Suna da gaskiya. Sai dai akwai wata kafa da kuɗin ma'aikaci ke zurarewa wadda ba kasafai ake tayar da jijiyar wuya a kanta ba, wato iyakokin matakan haraji da ake bari yadda suke shekara da shekaru alhali farashi na ta hawa. A ganina, gwamnatin da ta ƙi taɓa waɗannan iyakoki ta ƙara wa ma'aikata haraji ne, ko da ba ta taɓa furta hakan ba.

A yawancin ƙasashe harajin albashi hawa-hawa ne. Kason farko ba a cire masa komai, na gaba a cire kaɗan, abin da ya haura wata iyaka kuma a cire masa da yawa. Wasu kan ji tsoron ƙarin girma don suna zaton da zarar sun shiga mataki na sama za a yi wa dukan albashinsu yanka mai tsanani. Ba haka ba ne, abin da ya haura iyakar kaɗai ake yi wa sabon lissafi. Matsalar tana wani wuri daban.

A ɗauka doka ta ce 100 na farko babu haraji, daga nan zuwa 200 a cire kashi 10 cikin ɗari, abin da ya wuce 200 a cire kashi 25. Mai albashin 200 zai biya 10, ya tafi gida da 190. Sai kaya suka tashi da kashi 20 cikin ɗari, mai kamfani ya yi adalci ya mayar da albashin 240. Yanzu harajinsa ya zama 20, abin da ke shiga hannunsa 220. Amma kafin ya sayi abin da 190 ke saya masa bara, sai yana da 228. An yi masa ƙari a takarda, an taya shi murna, cefanensa kuwa ya ragu. Harajinsa ya ninka ba tare da wani ɗan majalisa ya ɗaga hannu ba. Da a ce an matsar da iyakokin zuwa 120 da 240, da 12 zai biya, ya riƙe 228 ɗinsa cif.

Abin da ya sa wannan ya fi cin mai albashi shi ne ba ya ma ganin kuɗin kafin a cire. Tsarin yanke haraji tun daga ofishin biya ya kafu a Amurka a 1943, a Birtaniya kuma a 1944, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnatoci ke neman kuɗin yaƙi daga miliyoyin mutanen da ba su saba biya ba. Ɗan kasuwa yana cire kuɗin haya da na sufuri da na gyaran injina kafin a lissafa ribarsa, kuma idan kaya suka yi tsada waɗannan ma suna tashi tare. Mai kamfani yana iya zama da akanta su duba ko ya biya kansa albashi ko ya ɗauki rabon riba, da kuma lokacin da ya fi dacewa. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ba su da wannan zaɓi, abin da kwamfuta ta yanke shi ke nan.

Masu kamfanoni ma abin ya shafe su, ko da yake ba su cika lura ba. A misalin da ya gabata, mai kamfani ya fitar da ƙarin 40, kashi ɗaya cikin huɗu ya wuce baitulmali, ma'aikacin kuma zai riƙa hararar mai kamfanin yana cewa ƙarin bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin ba sabo ba ne. Kanada ta fara ɗaure matakan harajinta da hauhawar farashi a 1974. A Amurka, bayan tsadar da ta haura kashi 13 cikin ɗari a 1980, dokar haraji ta 1981 a zamanin Shugaba Ronald Reagan ta tanadi haka, aka soma aiki da tanadin a 1985. A Birtaniya kuwa 'yan majalisa biyu na jam'iyyar Labour, Jeff Rooker da Audrey Wise, su suka tilasta wa gwamnatin jam'iyyarsu amincewa da irin wannan gyara a 1977.

Masu kare gwamnati za su ce ita ma tsadar na dukanta: tana biyan albashi, tana sayen magani, tana gyaran hanya, ga bashi. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a hana ta kuɗi ba. Amma ko an matsar da iyakokin, kuɗin shigarta na tashi daidai da farashi, daga 10 zuwa 12 a misalinmu. Ragowar 8 ɗin ne ake taƙaddama a kai. Idan tana buƙatarsu, ta kai ƙudiri majalisa, ta faɗi adadin, ta bayyana wanda zai biya, a yi muhawara a bainar jama'a. Wataƙila ma mutane su yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karɓa ta hanyar yin shiru.

Kuma dokar kaɗai ba ta isa ba. Birtaniya da ke da ita tun 1977, a kasafin kuɗin Maris 2021 ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya tsayar da kason da ba a cire wa haraji a fam 12,570, iyakar mataki na sama a fam 50,270, daga baya aka tsawaita wa'adin. A shekarar da ta biyo baya tsada ta haura kashi 10 cikin ɗari, dimbin masu ƙaramin albashi da 'yan fansho suka tsinci kansu cikin masu biya. Don haka wakilin ma'aikatan da zai zauna teburin sasantawa ya tafi da lissafi biyu: abin da zai nema wurin mai kamfani, a auna shi da kuɗin da ke shiga hannu bayan an cire haraji, da kuma abin da zai nema wurin ministan kuɗi kafin a karanta kasafi.